Macijin Masara a Birnin Riyad: Me Ke Hana Shi Ci, Me Ke Sa Shi Amai?

A ƙasar Hausa idan aka ce ga maciji a cikin gida, ba a tsayawa tambayar sunansa, sanda ake nema. Ba kuwa laifin kowa ba ne. Wanda ya taɓa ganin abin da kububuwa ke yi wa manoma a ƙasar Kaltungo, ko ya ga yadda kumurci ke tofa wa mutum dafi a ido, ba zai yi wa abin da ke jan ciki kyakkyawan zato ba. Shi ya sa da dare ko sunansa ba mu son kamawa, sai mu ce igiyar ƙasa. Amma duniya da faɗi take. A birnin Riyad, babban birnin ƙasar Saudiyya, kamar yadda yake a biranen Turai da na Amurka, akwai mutane, galibinsu samari, waɗanda ke sa kuɗinsu su sayi maciji, su ajiye shi cikin akwatin gilashi a ɗakin kwanansu, suna yi masa hidima kamar yadda mai tantabara ke yi wa tantabarunsa. Daga cikin macizan da aka fi kiwo haka nan akwai wanda ake kira macijin masara. Abubuwa biyu ne kuwa suka fi tayar wa masu kiwonsa hankali: ko dai a ba shi abinci ya ƙi ci, ko kuwa ya ci ya amayar. A kan waɗannan za mu yi magana yau.

Asalin wannan maciji daga kudu maso gabashin Amurka ne, tun daga jihar New Jersey har zuwa ƙarshen Florida, ya yi yamma zuwa Luwiziyana. Ba shi da dafi. Kama ɓera yake yi ya nannaɗe shi ya matse, kamar yadda mesa ke yi, sa'an nan ya haɗiye. Babba yakan kai tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kaurinsa bai cika wuce na ƙotar fartanya ba, launinsa ja ne da ruwan lemo, da dabbare-dabbare masu baƙin gefe. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya fara sa shi cikin littafin halittu a 1766, a yau kuma masana na kiransa Pantherophis guttatus. Game da sunan masara, wasu sun ce ya samo shi ne don manoma sun saba ganinsa a gindin rumbunan masara yana farautar ɓeraye, wasu kuma sun ce zanen da ke cikinsa ne ya yi kama da jerin ƙwayar masara. Bahaushen da ya taɓa tsintar saɓar maciji a ƙarƙashin rumbu zai fi gamsuwa da bayanin farko. Larabawa ma fassara sunan suka yi, suna ce masa thu'ubanuz zura.

Abin da ya yaɗa shi a gidajen mutane shi ne sanyin halinsa da sauƙin hayayyafarsa. A 1961 wani likitan fata a Amurka, Bernard Bechtel, ya yi nasarar ƙyanƙyashe irinsa zabiya, watau wanda ba shi da baƙi ko kaɗan a jiki, daga nan kuwa masu kiwo suka shiga haɗa iri suna fitar da launi iri-iri, fari da ruwan hoda da ruwan toka. Saboda haka wanda ake sayarwa a Riyad ba daga daji aka kamo shi ba, a hannun mutane aka ƙyanƙyashe shi, shi da iyayensa da kakanninsa. In ya sami kulawa yakan yi shekara 15 zuwa 20. Maganar ko kiwon maciji ya dace ko bai dace ba, wannan ta malamai ce, ba tamu ba. Ta fuskar hukuma dai, Saudiyya ta kafa cibiyar kula da namun daji ta ƙasa a 2019, ta kuma fitar da sabuwar dokar muhalli a 2020, ita cibiyar ce ke da alhakin ba da izinin shigowa da irin waɗannan halittu da cinikinsu, ya kamata mai sha'awa ya fara tuntuɓarta.

To, kafin a gane dalilin ƙin ci ko na amai, akwai abu guda da ya wajaba a fahimta, in an fahimce shi saura duk mai sauƙi ne. Ni da kai, da akuya da kaza, jikinmu shi ke yi wa kansa wuta. Ko ana tsananin hunturu, ko ana zafin bazara, ɗumin jikin mutum mai lafiya yana nan wajen digiri 37. Wannan wuta da abinci ake hura ta, shi ya sa muke ci sau biyu ko uku a yini. Maciji ba shi da wannan murhu. Ɗumin jikinsa aro ne, daga rana, ko daga dutsen da rana ta gasa, ko daga ƙasar da yake kwance a kai. In wurin digiri 20 ne, cikinsa ma kusan digiri 20 ne. Tumbinsa kamar tukunya ce wadda kullum sai an ɗora ta a murhun maƙwabta. Ribar wannan hali ita ce ba ya bukatar abinci da yawa, ɓera ɗaya ya ishi babba kwana goma ko mako biyu. Hasararsa kuwa, in aka hana shi ɗumi, abin da ya haɗiya ba zai narke ba.

Narkar da abinci kuwa babban aiki ne a wurin maciji, gama ba ya tauna. Ƙasusuwan muƙamuƙinsa na ƙasa ba a haɗe suke a haɓa ba kamar namu, wata jijiya ce mai talewa ta riƙe su, sai ya riƙa tura ɓangaren dama gaba, sa'an nan na hagu, har ya ja ɓeran ciki ɗungurungum, da gashi da ƙashi da farce. Waɗansu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Stephen Secor da Jared Diamond, sun yi shekaru cikin 1990 da 'yan kai suna binciken abin da ke faruwa a cikin mesar ƙasar Bama bayan ta ci. Suka tarar cewa lokacin da take azumi tumbinta a kashe yake, ba ya fitar da ruwan nan mai tsami da ake kira asid, hanjinta kuma a motse. Da zarar ta haɗiyi nama sai komai ya farka. Tsamin tumbi ya yi ƙarfin da zai narkar da ƙashi, ƙaramin hanji ya ninka nauyinsa cikin kwana biyu zuwa uku, iskar da jikinta ke sha ta ninku sau da yawa, har ta kai ninki 44 idan abincin mai girma ne ƙwarai. Macijin masara ya fi mesa yawan ci, saboda haka nasa sauyin bai kai haka ba, amma hanyar ɗaya ce. Macijin da ya ci ya kwanta shiru, wanda kake gani kamar barci yake yi, aiki yake yi tuƙuru.

Akwai kuma tsere a cikin al'amarin. Ɓeran da aka haɗiye yana ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanjinsa, kuma tun daga sa'ar da ya mutu suke fara ruɓar da shi daga ciki. Ruwan tumbin maciji yana cinsa daga waje. In akwai isasshen ɗumi, tumbi ke riga, cikin kwana uku zuwa biyar ƙullutun ya ɓace. In babu, ruɓa ke riga, gawar ta kumbura da iska, sai ya zama dole macijin ya fitar da ita ko ta zame masa guba. Tun a 1979 waɗansu masana, Greenwald da Kanter, suka gwada wannan a kan macijin masara shi kansa, suka nuna cewa saurin narkewar abincinsa ya danganta ga ɗumin wurin da yake.

Mai sauraro zai ce, to ina ruwan Riyad da ƙarancin ɗumi? Ai garin da ke tsakiyar Najadu, inda a watannin Yuli da Agusta zafin rana kan kai digiri 43 ko ya wuce, ba a cewa maciji zai rasa ɗumi a can. Nan kuwa tarkon yake. Macijin ba a waje yake ba, yana cikin ɗaki, ɗakunan Riyad kuwa ba dare ba rana na'urar sanyaya ɗaki ke aiki a cikinsu watanni da yawa a shekara. Mai gida ya sa ta a digiri 20 ko 21 don ya ji daɗin barci, akwatin gilashi na ajiye a ƙasa kan tayil mai sanyi, ko daidai inda iskar na'urar ke bugawa. Shi mai gida in ya leƙa waje ya ga rana na narkar da kwalta, ba zai taɓa kawo wa ransa cewa dabbarsa na jin ɗari ba. Ga shi kuma mutane da yawa ba su san Riyad na da nata hunturu ba. Garin yana kan tudu, kimanin mita 600 bisa teku, a watan Janairu sanyin dare kan sauko ƙasa da digiri 10, wani lokaci ma ya doshi sifiri. Wanda ya san sanyin asuba na Kano ko Maraɗi a tsakiyar hunturu, to na can yakan fi shi.

Ɗaya gefen ma da haɗari, har ya fi wannan gaggawar kisa. Da rani iyalai da yawa sukan bar Riyad su tafi hutu Abha ko Ɗa'ifa ko ƙasashen waje, a kashe na'ura a rufe gida. Ɗakin da aka rufe haka yakan yi zafin da ya wuce digiri 35, macijin da ke kulle cikin gilashi kuwa ba shi da ramin da zai shige. Zafin da ya wuce kima shi ma yana sa amai, in ya daɗe ya kashe. Haka nan akwatin da aka ajiye kusa da taga rana na dukansa, ko wanda aka bari cikin mota aka shiga kanti. Minti kaɗan sun isa.

Abin da masu kiwo da likitocin dabbobi suka daidaita a kai shi ne a yi wa akwatin gefe biyu. Gefe ɗaya a ɗumama shi zuwa wajen digiri 29 ko 30, ɗaya gefen a bar shi wajen 22 zuwa 24, a sa maɓoya a kowane gefe, shi macijin ya zaɓi inda yake so, gama ya fi kowa sanin abin da cikinsa ke bukata. Ana ɗumamawa da fitila ko da wata 'yar tabarmar lantarki da ake sawa ƙarƙashin akwati, amma lalle a haɗa ta da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda aka ƙayyade, in ba haka ba takan ƙona masa ciki. A kuma auna da ma'aunin zafi, a ƙasan akwati inda macijin ke kwanciya. Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Abin da hannunka ya ji da ɗumi sosai, wataƙila ya riga ya yi wa maciji yawa.

Yanzu mu koma kan ƙin ci. A nan shawarar da ta fi kowace amfani ita ce haƙuri, ita ce kuwa ta fi wuyar karɓuwa. Mu mutane ne da in baƙo ya ƙi cin tuwonmu sai mu ce ko mun yi masa laifi, in yaro ya tsallake cin dare uwa ba ta barci. Balarabe ma haka yake, ko ma fiye. Sai mu ɗauki wannan hali mu ɗora wa dabbar da aka halitta da jure yunwa. A 2007 wani masani a Jami'ar Arkansas, Marshall McCue, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi kan macizai iri uku waɗanda aka hana abinci har kwana 168, ruwa kawai ake ba su. Cikinsu akwai wani ɗan'uwan macijin masara na kusa, da kuma ƙaramar mesar nan ta Afirka ta Yamma mai dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ake fitarwa da yawa daga Gana da Togo da Benin. Ya tarar sun rage ƙarfin da jikinsu ke ci, wasu har da kashi 72 cikin ɗari, kuma duk da yunwar sun ci gaba da ƙara tsawo. Ba ana nufin a riƙa horar da dabba da yunwa ba ne. Ana nufin babban maciji mai ƙiba wanda ya tsallake ci biyu ko uku bai kama hanyar lahira ba.

Dalilan da ke sa lafiyayye ya ƙi ci sanannu ne. Mafi yawa shi ne saɓa. Idan lokacinta ya gabato, launinsa yakan dushe, idonsa ya yi fari-fari kamar mai yanar ido, saboda wani ruwa da ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa. A kwanakin nan ba ya gani sosai, yakan ɓuya, da yawansu ba su kallon abinci sai sun tuɓe. A Riyad akwai ƙarin wahala, don iskar garin busasshiya ce ƙwarai, da rani laimarta kan sauka zuwa kashi 10 ko 15 cikin ɗari, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta ƙara busar da ita, alhali shi macijin ɗan ƙasa mai dausayi ne, yana son kashi 40 zuwa 60. Sai saɓar ta riƙa fita guntu-guntu, wata ta maƙale a ido ko a bakin wutsiya. Maganin wannan ɗan ƙaramin akwati ne mai ƙofa, a sa masa jiƙaƙƙen gansakuka ko tsumma mai laima a ciki, da kwanon ruwa wanda zai iya shiga ya kwanta.

Sai kuma lokacin shekara. A ƙasarsa ta asali macijin masara yakan lafa da sanyi, ya daina ci, kuma ko an ɗumama masa akwati wani yakan ji gajartar yini a jikinsa ya rage ci daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da sanyi ya wuce kuma, wajen Maris da Afrilu, namiji yakan shiga neman mace, ya yi ta kai da kawowa a jikin gilashi, ya yi makonni bai waiwayi ɓera ba. Mace mai ɗauke da ƙwai ita ma takan daina ci in ta kusa sakinsu, don ƙwan sun cika mata ciki, kuma takan yi ƙwai ko ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba.

Tsoro shi ma dalili ne babba. Mu muna ganin maciji abin tsoro ne, shi kuwa a nasa ganin kowa maƙiyi ne, daga shaho har kyanwa. Macijin da ke haɗiyar ɓera ba ya iya gudu, ba ya iya sara, saboda haka ba zai fara ba sai ya tabbata ba mai ganinsa. Gardawanmu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke ajiye macizansu cikin rufaffen abu mai duhu. Sabon mai kiwo kuwa yakan saya yau, ya sa shi cikin ƙaton akwati fayau ba maɓoya, a falo kusa da talabijin, ya kira abokai a yi ta ɗauka ana hoto, da dare ya miƙa masa ɓera, sa'an nan ya yi mamakin ƙin ci. Kamata ya yi a bar sabon zuwa kamar mako guda ba a taɓa shi ba, a ba shi abinci da magariba ko bayan isha, a kashe fitila a ba shi wuri.

Shi kansa abincin a dube shi. Galibi ɓeraye ne da ake kiwo musamman, a kashe a daskarar, a sayar a kantunan dabbobi. Wannan ya fi ba da mai rai, don ɓeran da maciji bai kashe nan take ba yakan juyo ya cije shi, har ya yi masa mummunan rauni. Amma dole a narkar da ƙanƙarar sarai, a sa shi cikin leda a tsoma a ruwan sanyi, daga baya a ruwan ɗumi, a matsa cikinsa da yatsa a ji ba sauran tauri. Ɓeran da wajensa ya yi laushi cikinsa na da ƙanƙara yana daga cikin manyan masu sa amai. Maciji da harshe yake sansana, yana ɗebo ƙamshi daga iska ya kai wa waɗansu 'yan kogo biyu da ke ganɗarsa, ɓera mai ɗumi kuwa ya fi tashin ƙamshi. 'Yan ƙyanƙyasa sun fi wuyar sha'ani. Ba su ci sai sun yi saɓar farko, kamar mako guda bayan fitowa daga ƙwai, kuma a daji da ƙananan ƙadangaru da kwaɗi suke farawa, shi ya sa wasu ba su gane jaririn ɓera abinci ne. Masu kiwo sukan rufe su tare da shi cikin ƙaramin gwangwani mai huji su kwana. Amma ɗura ba aikin sabon hannu ba ne, a bar wa likita.

Yaushe ne ƙin ci ke zama abin damuwa? Sikeli ke ba da amsa. A sami ƙaramin sikelin kicin, a riƙa auna macijin sau ɗaya a wata ana rubutawa. In nauyinsa na nan, a ƙyale shi, a sake gwadawa bayan mako guda, kada a riƙa cusa masa kullum. In ya zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, ko ƙashin bayansa ya fito kamar tsinin jinka, ko yana numfashi da baki a buɗe, ko akwai kumfa ko miki a bakinsa, ko ana ganin waɗansu 'yan baƙaƙen ƙwari kamar ƙananan kaska a gefen idonsa, to maganar haƙuri ta ƙare, sai likitan dabbobi. Ƙarami kuwa ba shi da kitsen da babba ke da shi, in ya yi wata guda bai ci ba a nemi taimako.

Amai daban ne. Ƙin ci yakan zama al'ada, amai kuwa ko sau ɗaya ne akwai abin da ya lalace. Ban da sanyi da zafi da muka ambata, abubuwa biyu ne suka fi jawo shi. Na farko ɗauka. Macijin da ya ƙoshi in ya firgita, dabararsa ta gado ita ce ya zubar da kayan da ke cikinsa ya sami saurin gudu, saboda haka ba a taɓa shi sai bayan awa 48 da ci, ko sai ƙullutun ya ɓace. Na biyu girman loma. Ƙa'idar ita ce kaurin ɓera kada ya wuce ɗaya da rabi na wurin da ya fi kauri a jikin macijin. Mai kiwo mai son ya ga dabbarsa ta girma da wuri yakan ba da babba, ko ya ba da biyu a jere, macijin kuwa zai haɗiye, don idonsa ya fi cikinsa girma.

Kuskuren da ya fi kashe su shi ne wanda ake yi bayan aman. Mai shi ya ga abinci ya fito, tausayi ya kama shi, washegari ya sake ba da wani. Alhali aman ya riga ya ƙone hanyar abinci da ruwan tsami, ya kwashe ruwan jiki, tumbi kuma bai sake tara abin narkarwa ba. Sai na biyu ya fito, na uku ya biyo, kowane ya fi na baya raunana shi. Abin yi shi ne a kwashe aman a wanke wurin, a sa ruwa mai tsabta, a auna zafin gefe biyu na akwati a gyara, sa'an nan a nisance shi kwana 10 zuwa 14, ba ci ba ɗauka. Bayan haka a ba shi abin da bai wuce rabin wanda ya saba ci ba. In ya zauna, a ci gaba da ƙanana sau biyu ko uku kafin a koma kan na da. Yana da kyau a lura da ranar da aman ya zo da kamanninsa. Wanda ya fito cikin yini ɗaya ko biyu, ɓeran kusan yadda ya shiga, galibi laifin ɗauka ne ko sanyi ko girma. Wanda ya fito bayan kwana uku ko huɗu, ya fara narkewa, da majina da ɗoyi, alhali zafin akwati daidai yake, kuma ya maimaitu, wannan yana nuna ciwo.

Ciwon da masu kiwo suka fi tsoro wata ƙwayar cuta ce da ba a gani sai da madubin likita, wadda ke zama a bangon tumbi. A 1977 likitan dabbobi Brownstein da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana yadda take kumbura bangon tumbin macizai, a 1980 kuma Norman Levine ya raɗa mata suna Cryptosporidium serpentis. Bangon yakan yi kauri har hanya ta ƙuntata, sai a ga wani kumburi mai tauri a tsakiyar jikin macijin ko bai ci komai ba, yana amai yana ramewa wata da watanni. Macijin masara na cikin waɗanda ta fi kamawa. Babu maganin da aka tabbatar yana kawar da ita ɗungum, kuma ƙwanta na jure ruwan bilicin da ake wanke gida da shi. Ana gano ta ta gwajin kashi ko na majinar aman, saboda haka wanda zai je wurin likita ya ƙunshe aman cikin leda ya tafi da shi, komai ɗoyinsa. Sai dai ɓeraye ma suna da tasu irin ƙwayar, wadda ke ratsa cikin maciji ta fita ba ta yi masa komai ba, gwajin ƙwayoyin gado ne ke raba su. Tsutsar ciki ma na sa amai, haka nan haɗiye ɓawon itace ko yashin da aka shimfiɗa masa, amma waɗannan suna da magani in an kai da wuri.

Ta kashi wannan cuta ke yaɗuwa, ta kwanon ruwa da hantsaki da hannun mai kiwo. Don haka wanda ke da maciji ya sayo wani, ya ware sabon a ɗaki daban har wata uku, da kayan aikinsa daban, shi za a riƙa yi wa hidima a ƙarshe. Ɓeran da wani ya ƙi ci kuma ba a miƙa wa na kusa da shi don gudun hasara, a yar.

Akwai kuma lafiyar mutanen gida. Macizai da ƙadangaru sukan ɗauki ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, daskararrun ɓeraye ma haka, ita kuwa tana sa mutum zawo da zazzaɓi. A 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun wata ɓarkewar cutar a jihohi da dama, ta tarar daga irin waɗannan ɓeraye ta fito. Saboda haka ba a narkar da su a kwanon abinci, ba a ajiye su a firji haɗe da naman miya sai cikin rufaffen mazubi na daban, ba a wanke kwanon maciji inda ake wanke-wanke. Wanda ya kwashe amai ko kashi ya wanke hannu da sabulu. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki, da tsofaffi, su ne ta fi yi wa illa, su kam gara su tsaya a kallo ta bayan gilashi.